Riyal dubu na Iran: fuskar da aka rufe ita ke yanka farashi

A cikin tsofaffin kuɗin Iran da ke ratsa shagonmu, babu wadda muke daɗewa a kanta kamar takardar riyal 1000 ta ƙarshen mulkin Shah Muhammad Reza Pahlavi, wadda su can suke kira toman ɗari. Kamfanin De La Rue na Ingila ne ya buga ta wa Bank Markazi, babban bankin Iran. Ruwan ƙasa ce, hoton Shah a dama, a baya kuma hubbaren mawaƙi Hafiz da ke Shiraz. Farin filin da ke hagu ba banza aka bar shi ba: ɗaga ta wajen haske, fuskar Shah za ta sake fitowa daga cikin takardar.

Da aka kifar da shi a 1979, sabon kuɗi bai samu nan take ba. Sai aka ɗauko waɗanda ke ajiye aka lulluɓe hoton da zayyana mai sarƙaƙƙun rassa. Wasu an bar ɓoyayyen hoton a buɗe, wasu an rufe shi da tambarin zaki da rana, wasu da rubutun "Jamhuriyar Musulunci ta Iran". Wannan bambancin masu tara tsofaffin kuɗi ke biya, kuma nan 'yan jabu ke shigowa, don takardar ta gaske ce, zayyanar kawai suke ƙarawa.

Shi ya sa muke fara sa gilashi mai ƙara girma sau goma a bakin zayyanar. Bugun maɗaba'a yana fitowa a cike, gefensa a yanke. Na firintar gida ɗigo-ɗigo ne, wani lokaci tawadar ta ɗan yi naso. Daga nan mu kwantar da takardar, mu haska tocila daga gefe. Lanƙwasar da aka danne da dutsen guga ba ta iya ɓuya. Guga ma ɓarna ce, tana kashe tudun tawadar da yatsa ke ji a kan sabuwar takarda.

Wanda ya saba da lambobin Larabci ya kula wajen kwafe lambar takarda, domin 4 da 5 da 6 na Farisa siffarsu daban ce.

Ajiya kuwa, leda mai PVC ba ta shiga shagonmu, da daɗewa man jikinta yana kama takarda. Kowace takarda aljihunta na Mylar, wata irin leda marar PVC, a kwance, nesa da rana da laima.