Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ɗakin Karatun Baba Fasto

A makon jiya na tsaya ne a inda aka turo ni Maradi bayan na gama makarantar Littafi Mai Tsarki, domin in yi aiki a ƙarƙashin wani dattijon fasto wanda kowa a ikkilisiya yake kira Baba Fasto. Shi ɗan Gobir ne daga wajen Tsibiri, yana kuma cikin waɗanda suka yi karatu a hannun ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda suka fara zama a Damagaram a 1924 kafin aikinsu ya iso ƙasar Gobir da Katsinar Maradi. A wurinsa na ga yadda mai kiwon ikkilisiya yake raba kwanakinsa, da abin da yake sa wa gaba idan ayyuka suka taru a kansa.

Baikon da ake tarawa ran Lahadi bai isa ya riƙe gidansa ba, saboda haka da damina yakan yi Litinin a gonarsa ta gero kamar kowa. Talata da Laraba na ziyara ne, da yammacin Laraba kuma a yi taron addu'a. Amma safiyar Alhamis da ta Juma'a, daga fitowar rana har zuwa azahar, ya keɓe su domin shirin wa'azi. Akwai wani ɗan ɗakin ƙasa a bayan majami'a, ba kome a ciki sai tebur da kujera da tabarma. A kan teburin akwai tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta 1932 wadda bangonta ya tsufa har an ɗinke shi da zare, da sabuwar da ta fito daga Najeriya a wajajen 1980, da ta Faransanci ta Louis Segond, sai kaye da bik. Yakan karanta surar da zai yi wa'azi a kanta gaba ɗaya da babbar murya, ya koma ga wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta, kafin ya rubuta ko da layi guda.

Ba ya tsallake-tsallake wajen zaɓen nassi. Idan ya ɗauki Bisharar Markus, zai bi ta daga fari har ƙarshe ko da za ta cinye watanni, domin a ganinsa fasto mai zaɓen ayoyi yadda ya ga dama yakan ƙare da maimaita abin da yake so, ya bar wuraren da suke da wuya ko masu tsawatar wa shi kansa.

Dalilin wannan tsanani na gane shi ne da na dubi jama'ar da ke zaune a kan kujerun majami'a. Da yawa daga cikin tsofaffi da mata ba su shiga lakkol ba, wasu kuma sun taso ne daga ƙauyuka ko daga Danja, inda asibitin masu cutar kuturta yake. Abin da suka ji ran Lahadi shi ne guzurinsu na Kalmar Allah har mako ya zagayo, ba su da hanyar komawa gida su duba ko haka nassin ya ce. Ga shi kuma Maradi gari ne na malamai da almajirai, inda ake sauraron tafsiri da azumi, ake kuma girmama wanda ya san littafinsa. Kirista mai awon hatsi a kasuwa, maƙwabcinsa zai tambaye shi abin da addininsa ya koyar, cikin mutunci, kuma dole ya sami amsar da ta tsaya a kan nassi.

Wannan tsari bai yi wa kowa daɗi ba. Wata safiyar Juma'a wasu ƴan'uwa biyu suka zo da rigimar iyakar gona, ya fito ya gaishe su, ya haɗa su da ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya, ya ce zai same su bayan la'asar. Maganar ta kai zaman dattawa, wani ya ce, “Baba Fasto, jama'a suna cewa takardu sun fi su daraja a wurinka.” Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka yi gunaguni a kan rabon abinci ga gwauraye, manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, su kula da wannan, manzannin kuwa su lazimci addu'a da hidimar Kalma. Sa'an nan ya ce, “Ƴan'uwana, ku ne bakwai ɗin nan. In na riƙe naku aikin da nawa, ran Lahadi da me zan tsaya gabanku?” Dole in faɗa, domin gaskiya, cewa rashin lafiya mai tsanani ko mutuwa ba ta taɓa samunsa ya ce a jira ba, na sha ganin ya rufe kaye a tsakiyar jimla ya hau kekensa, da dare kuma ya rama karatun da fitilar ƙwai.

Da lokacina na fara hawa bagade ya yi, ya ba ni misalin mai shuka a Markus sura 4. Ya ce, “Ɗana, kowa a nan manomi ne, sun fi ka sanin fako da ƙasa mai albarka, kada ka ɓata lokaci kana koya musu noma. Karanta daga aya 14 zuwa 20, Ubangiji da kansa ya fassara misalin, naka shi ne ka bayyana abin da ya faɗa.” Ya tuna mini da Nehemiya 8:8, yadda Lawiyawa, wato masu hidima a Haikali, suka karanta Shari'a a fili suka kuma ba da ma'anarta har jama'a suka fahimta. Da yammacin Asabar ya sa na faɗi wa'azin duka a gaban Inna, matarsa, ba tare da duba takarda ba, ita kuma ta maimaita mini abin da ta riƙe. Duk inda ta ce, “Malam, nan ban bi ka ba,” sai ya sa in sake gina wurin da kalmomin da ake magana da su a tsakar gida, muka yi ta yi har aka kira magariba a masallacin unguwa.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo yadda Lahadin ta kasance, da tambayar da wani tsoho daga Danja ya tare ni da ita a bakin ƙofa bayan an tashi sujada.