Motocin da ke gudu a kan takarda

Na ajiye kaki, na miƙa makullan ma'ajiyar kayan gyara ga wanda ya gaje ni. Yaran gareji sun matsa mini in bar musu wani abu a rubuce, to ga shi. Ba zan ɓata muku lokaci da zancen juyen baƙin mai ko duba iskar taya ba, wanda bai san waɗannan ba tun farko bai kamata ya riƙe sifana a bariki ba.

Jama'a suna ganin ƙarfin sojan Nijar ne ranar 18 ga Disamba, ranar bikin Jamhuriya, lokacin da motoci ke wucewa a jere, fenti na ƙyalli, bakin bindiga na kallon sama. Mu kuma da asuba muke ganinsa, sa'ad da aka ce a tayar da motoci za a fita sintiri, direba ya murza makulli, kowa ya kasa kunne. Tsakanin lissafin ranar fareti da na asuba akwai rata, kuma a cikin wannan ratar na ƙare aikina.

Ƙaramar runduna ba ta cika zaɓen abin da za ta hau ba. Abin da aka ba ta kyauta, da abin da aljihunta ya iya saya, shi take haɗawa. Tun da aka kafa rundunar a 1961 haka ake tafiya. Mun gaji masu sulke na Faransa, AML-60 mai ɗauke da ƙaramar igwa da AML-90 mai babbar bindiga, injinsu na fetur ne, iska ke sanyaya shi, kuma da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Ga VLRA, motar ɗaukar sojoji da kaya, ita ma ta Faransa, mai haƙurin rairayi. Daga baya masu sulke na Sin suka shigo. A 2019 Amurka ta kawo Mamba, wadda asalin ƙirarta daga Afirka ta Kudu ne, ƙasanta a tsuke yake domin ƙarfin nakiya ya baje gefe. Yanzu kuma kayan Turkiyya ake yayi. Gareji ya zama kamar gidan mai mata huɗu, kowacce da irin cefanenta: wannan matatar manta daban, waccan batirinta daban, wata littafin gyaranta da Faransanci, wata da Ingilishi, wata ma da rubutun da babu mai iya karanta shi a duk barikin. Mai kyauta yakan haɗo da ɗan kayan gyara na farko, a ɗauki hoto, a yi jawabi. In sun ƙare, sai ka rubuta takarda ka zauna jira, mota kuma na kan duwatsu kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Haka abin yake a wajen masu kula da makamai, ko da yake ba fannina ba ne, maƙwabtaka ce kawai. Harsashin Kalashnikov da na PKM, bindiga mai jigida, duka 7.62 ake ce musu, amma wannan ba ya shiga waccan, na ƙasashen Yamma mai wannan lamba kuma shi ma nasa tsawon daban. Babbar bindiga mai jigida ƙirar Rasha da takwararta ƙirar Amurka duka 12.7 ne, kowacce da nata harsashi. Duk sabon mai kyauta, sabon ciwon kai ne ga mai ma'ajiya.

Wadda take rufa mana asiri dai ita ce Toyota Land Cruiser a-kori-kura. Injinta na gazuwal mai silinda shida ba shi da kwamfutar da za ta yi maka gardama a tsakiyar daji, kayan gyaranta kuwa akwai su a Agadas, akwai a Damagaram da Maraɗi, in ta kama har Kano ana samowa. Maƙwabtanmu 'yan Chadi ne suka nuna wa duniya abin da za ta iya a 1987, lokacin da suka ɗora mata makamai masu linzami na MILAN suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum. Sai dai mu da muke kwanciya a ƙarƙashinta mun san iyakarta. Ba don ɗaukar babbar bindiga aka ƙera ta ba. Ka kafa mata 12.7 a baya, ka loda akwatunan harsashi, da jarkokin ruwa da na mai, da mutane da kayansu, sannan a yi harbi bodin na girgiza: sifirin zai karye, wurin waldar zai tsage. Kuma ba ta da sulke ko na sisin kwabo. Waɗanda suka yi aikin arewa a tawayen 2007 zuwa 2009 sun san abin da nakiya ke yi mata. Abokan gaba ma ita suke hawa, su ƙara da babura, don haka bambancin yakan koma kan wa motarsa ta tashi, wa ta ƙi.

Wannan ya kawo ni ga wani shugaba da muka yi. Ba zan kira sunansa ba, ba zan kira barikin ba, waɗanda muka zauna tare sun sani. An kawo mana shi shugaba bai taɓa buɗe bakin mota ba, kuma wannan ba laifi ba ne, na yi aiki da irinsa da yawa muka rabu lafiya domin suna tambaya. Shi ba ya tambaya. Abin da ya dame shi kawai takardar ƙarshen wata, wadda ake jera motoci ɗaya bayan ɗaya a rubuta mai lafiya, mai ƙaramin gyara, da wadda ta kwanta.

A lokacin kusan rabin motocinmu ba za su iya doguwar tafiya ba. Batir ɗaya muke yawo da shi tsakanin motoci, a tayar da wannan a cire a kai wa waccan. Sannan ga wasu kwalaye na matatar mai da wani ɗan kasuwa ya kawo. Kwalin da tambari mai kyau, amma da na ɗauki ɗaya na ji ba ta da nauyi. Na sa zarto na yanka ta gida biyu a gaban yara. Takardar ciki 'yar siririya ce, mannenta ya riga ya saki, ka sa yatsa ka tura sai ta yage. Duk wanda ya san irin ƙurar da gazuwal ɗinmu ke kwasowa daga cikin duro ya san abin da irin wannan matata za ta yi wa famfon mai. Na rubuta rahoto cewa ban karɓa ba, na ajiye kwalayen a gefe.

Ana cikin haka aka ce masu duba aiki za su zo daga Yamai. Ya kira ni ofis, takardar na gabansa an riga an cika ta, kowace mota lafiya lau, har da wadda injinta ke kwance a ƙasa cikin buhu. Sa hannuna kawai ya rage.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan lissafin ba shi ne na gareji ba."

Ya ce, "Ajidan, ba shawara na kira ka ba. In baƙi sun tafi sai ku ci gaba da gyaranku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi za su tafi, amma takardar za ta zauna. Da ita za a duba a ce a fitar da mota kaza gobe. In muka ce duk lafiya, wa zai aiko mana da kayan gyara?"

Ya dube ni ya ce in fita. A daren aka janyo matattun motoci da igiya aka jera su a sahun baya, aka wanke su, aka shafa wa tayoyi baƙin mai suna sheƙi. Mataimakina, wani sajan mai hannu da ban taɓa horar da wanda ya kai shi jin ciwon inji da kunne ba, shi aka kira ya sa hannu. Yaro ne mai sabon aure, an ce masa umarni ne, ya sa. Baƙi suka zo, suka zagaya sahun gaba, aka tayar musu da motocin da aka zaɓa, suka ci abinci suka tafi.

Ni kuma ba a jima ba takardar canjin wuri ta iso, zuwa wani ƙaramin sansani can arewa inda ruwa ma da tanka ake kawo shi. A cikin fayil ɗina aka rubuta cewa ina da taurin kai kuma ba na jituwa da na gaba. Wannan layi ɗaya ya sa waɗanda na koya wa kwance giyar mota suka wuce ni a girma, ina gaishe su ina ƙamewa. Iyalina na bar su a baya, yarana suka yi jarrabawa ba na nan. Ba kuka nake yi ba, soja ba ya zaɓen inda za a kai shi. Amma a ce an tura mutum don aiki daban ne, a ce an tura shi don ya ƙi yin ƙarya daban ne.

Kwalayen da na ƙi karɓa, bayan tafiyata aka buɗe su aka ɗaura. Ba a daɗe ba wani ayarin sintiri ya tsaya cak a daji, motoci suna tari suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mutane suka kwana a fili hannu a kan kunamar bindiga har aka aiko musu da ɗauki. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Da bincike ya zo, aka ɗauko takarda, aka ga hannun wa ke kai. Sajan aka kulle, aka rage masa girma. Shi mutumin ya ce shi ba makanike ba ne, abin da masu gyara suka ba shi ya aika. Kuma a takarda gaskiyarsa ce, domin ko tawada ɗigo ɗaya tasa babu a wurin. Har yau in na tuna yaron nan sai raina ya ɓaci, ya fi nawa ciwo.

Na ɗauka abin namu ne kawai, ƙaramin gareji da ƙaramin ɗan kasuwa. Sai ga 10 ga Disamba 2019, aka kashe sojoji 71 a harin da aka kai sansanin Inates, kusa da iyakar Mali. Wata guda bai cika ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a sansanin Shinagodar, shi ma a wannan yankin. A wannan shekarar ce binciken da aka yi kan sayayyar kayan yaƙi ya fito fili, aka yi maganar sefa biliyan 76 da suka salwanta tsakanin aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Talakawa suka girgiza. Mu na gareji muka dubi juna kawai. Matatar da na yanka da zarto ƙaramar jikanyar wannan ce.

Saboda haka abin da zan faɗa muku, ku da kuka rage, bai da yawa. Kada ka sa hannu a kan motar da ba ka ji tashinta da kunnenka ba, ko wane ne ya tsaya a kanka. In an tilasta maka, roƙi a ba ka umarnin a rubuce, cikin ladabi, za ka ga yadda murya ke sauka. Ka riƙe kwafin duk rahoton da ka aika, a gidanka, ba a ofis ba. Ni nawa suna nan cikin leda, ba wanda ya taɓa neman su, amma ba wanda ya iya jingina mini laifin ayarin nan.

Sauran kuwa kun san su. Sabon kaya a yanka ɗaya a gani kafin a karɓa. Cire kayan wata mota a ɗaura wa wata, in ya zama dole, a rubuta abin da aka cire, in ba haka ba wata rana za ka tarar da ƙwarangwal. Direba ya fi ka sanin motarsa, saurare shi ko da kurtu ne. Tsofaffin da suka san AML sun kusa ƙarewa, ku zauna kusa da su da littafi.

Abin da ya fi damuna game da ku shi ne na gaba. Sojojin Faransa sun fice a Disamba 2023, na Amurka sun bar sansanin Agadas a 2024. Siyasar wannan ba tawa ba ce, amma motocin da suka bayar suna nan a hannunku, kuma hanyar da kayan gyaransu ke biyowa ba za ta zama kamar da ba. Jiragen Bayraktar marasa matuƙa da suka zo daga Turkiyya a 2022 abin alfahari ne, sai dai jirgi yana gani daga sama ne, wanda zai je wurin a ƙasa mota zai hau. Duk wata sabuwar mai sulke da za a kawo, ku nemi a tura makanikai horo tun kafin ta iso, ku nemi littafinta cikin harshen da kuke karantawa, ku ƙirga matatu da tayoyin da suka zo da ita a ranar farko ku rubuta. Za a ce kun cika ƙorafi. An faɗa mini haka, a rubuce ma.

Mutumin dai ya ci gaba da hawa, kwanan baya na ji an ƙara masa girma. Mun haɗu a wurin wata jana'iza, ya miƙo hannu, na karɓa saboda idon jama'a. Sajan kuwa ya bar aikin, yana da ɗan gareji a bakin tasha, kuma direbobin Toyota da ke dogon zango layi suke yi a ƙofarsa. In wata matsalar famfon mai ta gagare ku, ku kai masa, ku ce ni na turo ku.