Yadda na koyi zaɓen ti-shat daga kaka zuwa kaka

Ina cikin mutanen da ƙananan kaya suka fi yawa a jikinsu: ti-shat, wandon jins, takalmin kambas. Na daɗe ina bin shafukan 'yan gayu a intanet ina duba abin da ake cewa shi ne yayin bana, har wata shekara na ce bari in bi abin da lura tun daga farkonta zuwa ƙarshe. Na samu ɗan littafi, duk rigar da na saya sai in rubuta nauyin yadinta, yadda ta zauna a jikina, da yadda ta koma bayan ta sha wanki. Kafin shekarar ta ƙare, salon sayayyata ya canja gaba ɗaya.

Abin da ya fara bayyana gare ni shi ne kalandar masu ƙirƙiro yayi ba ruwanta da zufar jikin mai saye. Manyan gidajen ɗinki sun raba shekara gida biyu, kayan zafi da kayan sanyi. A watan Janairu ake baje kolin kayan maza a Milan da Paris, da taron Pitti Uomo na birnin Florence a Italiya, kuma abin da ake nunawa kayan sanyin ƙarshen shekarar ne. A Yuni sai a nuna kayan zafin shekara mai zuwa. Ke nan rigar da ake tallata maka a matsayin sabuwa fil, an riga an yanke launinta da faɗinta tun watanni da dama da suka wuce, kuma da yanayin Turai aka auna ta. Mutumin Ostiraliya yana tsakiyar zafi a Disamba, hotunan talla kuwa duk jaket ne da suwaita. Tun da na gane haka na raba abin biyu a raina: launi da salon yanka zan iya ara daga wurinsu, amma yadi kam jikina da yanayin inda nake su ne alƙalai.

Batun yadi ne ya fi cin shafukan littafin nan. Masu saƙa suna auna yadin ti-shat da adadin giram ɗin da ke cikin murabba'in mita ɗaya, shi ne ake rubuta GSM a bayanin kaya. Daga 120 zuwa 150 shara-shara ne, 160 zuwa 190 matsakaici, daga 200 zuwa sama kuma mai kauri. Yawancin mutane suna ɗauka idan zafi ya tsananta, mafi sirantar yadi ita ce mafita. Jikina bai yarda ba. Siririyar rigar auduga da ta ɗame jiki tana shan gumi nan da nan, ta manne a baya da ƙirji, idan fara ce ma sai ta tona duk abin da ke ƙasa. Wadda ta fi ba ni sauƙi ita ce matsakaiciya mai ɗan sarari, wadda ba ta kwanciya a fata, iska tana kai-komo tsakaninta da jiki. Ko mai kaurin nan ta 220, in dai an yanka ta da faɗi, ana iya sa ta da safe da yamma a ranar zafi mai bushewa, don tsayuwa take yi da kanta.

Zafi mai damshi kuwa wani labari ne. A ranakun da iska ta yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa, auduga mai kauri azaba ce. Nan lilin ya nuna kansa. Yana shan danshi, yana sakinsa da wuri, kuma ba ya mannewa. Aibinsa yamutsewa, kana zama ka tashi ka ga layi-layi a ciki da gwiwar hannu. Na daina faɗa da wannan. Wanda ya san kaya ya san haka lilin yake, wanda kuma abin ya dame shi sai ya nemi wanda aka gauraya da auduga. Ita ma rigar folo mai kwala da maɓalli biyu ko uku ta yi mini rana. Saƙarta tana da ƙananan ramuka masu barin iska ta wuce, kuma ba mamaki, don ɗan wasan tanis na Faransa René Lacoste ne ya fito da ita domin filin wasa, kafin ya kafa kamfaninsa a 1933. Polista yana bushewa da sauri fiye da su duka, amma yana riƙe wari ko bayan wanki, don haka na bar shi ga motsa jiki.

Sanyi bai ba ni wahala ba. Ti-shat mai kauri a ciki, shat mai dogon hannu a buɗe a kanta, idan abin ya ƙaru a ɗora suwaita ko jaket. Riguna marasa nauyi biyu ko uku a jere sun fi ƙatuwa guda ɗaya amfani, don rana na ɗagawa sai ka cire ɗaya. Ulun merino, wato na wani nau'in tumaki mai laushin gashi, yana ɗumama jiki ba tare da ƙaiƙayi ba, ba ya kuma saurin wari.

Inda yayi ya fi yin wasa da hankalin maza shi ne yanka. Wanda ya yi wayo a farkon shekarun 2000 zai tuna zamanin tsukakkun kaya, lokacin da mai tsara kaya Hedi Slimane yake jan ragamar Dior Homme, sashen kayan maza na gidan ɗinkin Dior, daga 2000 zuwa 2007, komai ya zama siriri, riga ta ɗame, wando ya zama fensir. Daga baya aka yi yayin dogayen riguna masu sauka har cinya. Sai kuma aka juya zuwa masu faɗi, ɗinkin kafaɗa ya zazzago kan dantse, hannu ya kusa gwiwa, wanduna ma suka buɗe. A 'yan shekarun nan faɗin yana nan amma tsawon ya ragu, rigar tana tsayawa kusa da ƙugu. Duk na gwada su, kuma ga abin da zan gaya wa duk wani ƙanena: riga mai faɗi da aka yanka don ta yi faɗi daban take da rigar da ta fi ƙarfinka. Idan ka sayi lamba biyu sama da taka don ka shiga yayi, wuya zai yi maka faɗi, tsawo ya wuce misali, ka fito kamar wanda ya ari rigar yayansa. Wadda aka tsara da gangan wuyanta daidai yake da naka, jikin ne kawai ya buɗe.

Ga riga ta yau da kullum, wadda ba ruwanta da yayi, ma'aunina uku ne kuma ba su taɓa ba ni kunya ba. Ɗinkin kafaɗa ya zauna a kan ƙashin kafaɗa, hannu ya tsaya a tsakiyar dantse, gindin rigar ya kai rabin zif ɗin wando. In kuwa zan sa mai faɗi, sai in duba wandon: faffaɗa sama da faffaɗa ƙasa yana yi wa dogon mutum kyau, amma gajere yakan nutse a ciki, sai dai idan rigar gajera ce ko an cusa gabanta a wando.

Launi shi ne wurin da nake barin yayi ya shigo, amma ta ƙaramar ƙofa. Kamfanin Pantone, mai tsara ma'aunin launuka, yana sanar da launin shekara tun daga 2000, kuma masu kaya suna binsa sosai. Na 2025 wani ruwan ƙasa ne mai taushi da suka kira Mocha Mousse, ai kuwa a shekarar ko'ina ka duba ruwan ƙasa ne. Riga ɗaya a irin wannan launi ta isa. Kafin in biya nakan kai ta kusa da fuskata a hasken rana, don fitilar kanti maƙaryaciya ce, kuma launin da ya haska mai talla yana iya dusashe fatar wani. Sauran durowata fari ne, baƙi, ruwan toka, shuɗi mai duhu da ruwan ganye mai duhu, waɗanda kowane wando yake karɓa.

Wani abu da ya ba ni sha'awa: kayan da yayi ya kasa kashewa kusan duk kayan aiki ne tun asali. Farar ti-shat rigar ciki ce da sojojin ruwan Amurka suka fara rabawa a 1913. Mai ratsin shuɗi da fari kakin sojojin ruwan Faransa ce tun 1858. Wandon jins mai ƙusoshin ƙarfe a bakin aljihu, Levi Strauss da Jacob Davis suka yi masa rajista a 1873 domin ma'aikata. An yi su don su jure, shi ya sa duk shekara ake ɗan canja musu faɗi ko tsawo a sake sayar mana da su.

Yanzu idan na ɗauki riga, wuyan nake fara ja kaɗan in saki. In ya koma yadda yake nan take, da alamar ƙarko. In ya tsaya a buɗe, to wanki kaɗan zai mayar da shi kamar igiyar ruwa. Sai in ɗaga yadin ga haske in ga ko saƙar ta cika, in duba ɗinkin gefe ko ya miƙe, don wanda ya fara karkacewa tun a kanti murɗewa zai yi bayan wanki, kuma guga ba ta gyara shi. Auduga mai dogon zare, irin Pima ko ta Masar, ta fi santsi kuma ba ta saurin yin ƙuraje. Babban zane mai kauri kamar roba a ƙirji kuwa na rabu da shi a lokacin zafi, yana tare iska, gumi ya taru a ƙarƙashinsa, daga baya ya tsattsage. An ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce: na riƙe masu babban suna da wuyansu ya saki, na kuma riƙe marasa suna da har yau suna nan garau. Da na ji ana ƙiyasta cewa rigar auduga ɗaya tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa kanti, sai sayen wadda za a yar bayan kaka ɗaya ya ƙara fita raina.

Rabin ƙarkon riga yana hannun mai wanki. Ruwan sanyi nake amfani da shi, in juya ta ciki waje, in shanya a inuwa, domin rana ce take koɗar da baƙi da shuɗi, ruwan zafi da injin busarwa kuma su ne suke tsuke auduga. Ninkewa nake yi, ba na rataye ti-shat a hanga, don nauyinta yana jan kafaɗa ya bar ƙusumbi a gefe. Mai zane ta baya ake goge ta. Rawayan nan da ke fitowa a hamatar farar riga yawanci haɗuwar gumi ce da sinadarin alminiyam na maganin hana zufa, kuma bilic yakan ƙara masa duhu. Jiƙawa da wuri, tun tabon bai kama ba, ya fi. Idan kaka ta juya zan ajiye kayan da lokacinsu ya wuce, ba na saka ko ɗaya a akwati sai an wanke ta ta bushe ƙarau, ko da sau ɗaya na sa ta, saboda gumin da ido bai gani ba yau shi ne yake fitowa rawaya bayan wata shida, kuma asu ya fi son ulun da aka ajiye da datti.