Zafin da Ruwa Ya Tafi da Shi

A shagon waldarmu nan Maradi, maigida ya daɗe yana kukan tsadar gawayi. Shi ya kawo shawarar mu hura iska ta ratsa wutar walda, ta fito da zafi mu riƙa gasa ƙarfe da ita. Muka samo bututun jan ƙarfe, muka sa sandar kabon a tsakiya, muka naɗe shi da siririn tiyo mai ɗauke da ruwa don kada bututun ya narke.

Ranar da iskar ta fito tana ƙuna, kowa ya yi murna. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na ce, "Maigida, wutar da muke biya, nawa ce take shiga iskar nan?" Ya ce, "To Malam, auna mana."

Ba a cusa ma'aunin zafi cikin wutar da ta haura digiri 5000. Sai dai ka auna abin da ya shiga, ka auna wanda ya tsere, ka debe.

A nan na fara yin kuskure. Na ɗauki bolt ɗin injin, wato ƙarfin turin lantarkinsa, kafin wuta ta kama, wajen 70, alhali da ta kama sai ya sauko 25. Bolt 25 sau ampiya 100, wato yawan lantarkin da ke gudana, wat 2500 ke nan na wutar da ke shiga.

Sai ruwan. Na tara bokiti, agogo a hannu, lita 2 a minti ɗaya. Yana shiga da digiri 31, yana fita da 40. Lita ɗaya tana shan zafi kusan jul 4200 kafin ta ƙaru da digiri ɗaya, wat ɗaya kuwa jul ɗaya ne a daƙiƙa, don haka ruwan kaɗai yana kwashe wat 1260. Rabin wutarmu ke nan yana malala ƙasa! Sau uku na maimaita, da sassafe, domin da rana ta take ruwan tanki kan yi ɗumi ya rikita mini lissafi. Mafi yawan zafin nan daga inda wutar ke sauka jikin jan ƙarfen yake fitowa, wurin har ya yi baƙi ya lotsa.

Sauran ma ba duka iska ta samu ba. Akwai hasken da ke ƙona ido, akwai jikin bututu da ba ya taɓuwa. Ga wani wari mai shaƙe maƙogwaro, domin wutar tana haɗa sinadaran iska su zama guba, dole muka fitar da aikin waje.

Da na ƙara ƙarfin hurawa, zafin ruwan ya ɗan ragu, amma iskar ba ta kai ta sa ƙarfe ya yi ja yadda muke so ba. Maigida ya duba takardar lissafina ya yi shiru, sannan ya aiki yaro ya sayo buhun gawayi.