Daren jiya Mushtari ya tsaya mini cak

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya da misalin ƙarfe goma na dare na ga Mushtari, wato duniyar Jupiter, da manyan watanninsa huɗu a jere a cikin teleskof ɗina, wato na'urar hangen taurari, kuma hoton bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Wata biyar ina fama kafin in kai ga wannan.

Waɗanda muka fara tare sun san na'urar da nake magana a kai: teleskof mai bakin milimita 70, tsawon haskensa (nisan da gilashin gaba ke tattara haske) milimita 700, an rubuta 525x ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa, wai yana ninka girman abu sau 525. Wannan lambar ce ta ja ni na biya naira dubu 95, ban da kuɗin kawowa daga Legas, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Lissafin nasu ba ƙarya ba ne a takarda: ka raba 700 da idon leƙe (ƙaramin gilashin da ake sa ido a kai) na milimita 4 ka sami 175, ka ɗora Barlow, wani gilashi mai ƙara girman hoto ninki uku, ka sami 525. Sai dai baki mai milimita 70 iyakarsa wajen ninki 140, wato faɗin bakin sau biyu, shi ma sai sama ta yi garau. Abin da ya wuce nan dishi-dishi ne kawai. Na ajiye Barlow ɗin tun makon farko.

Amma ba gilashin ne ya wahalar da ni ba. Ƙafafun da yake tsaye a kai ne. Gorar ruwa ta fi su nauyi. Da na taɓa abin saita hoto sai komai ya kama kyarma, in ƙirga har bakwai kafin ya lafa. A ninki 175 kuwa juyawar duniya na fitar da tauraro daga gilashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ka taɓa ya yi rawa, ka jira ya lafa, kafin ya lafa ya fice. Ka tura bututun kaɗan don ka bi shi, sai ya zarce ya bar ka da baƙin sama. Akwai daren da na kwashe sa'a biyu a kan soro, sanyin hunturu na ratsa ni, ban ga komai ba sai wani farin ɗigo yana tsalle. Na sauko ina jin kamar in sayar da shi gobe.

Na gwada duk dabarun da aka ba ni. Na rataya jarkar ruwa mai lita biyar a tsakiyar ƙafafun, rawar ta ragu amma ba ta mutu ba. Na daina zare ƙafafun gaba ɗaya, na koma zama a tabarma, nan ma an samu sauƙi. Na yanko robar tsohon tub na keke na sa a ƙarƙashin noti. Duk da haka in na saki bututun sai ya sunkuya kaɗan, abin da na saita ya hau sama ya ɓace. Sai da rana, da na zauna ina girgiza shi da hannu ina kallo, na gane inda ciwon yake: kan da ke riƙe da bututun na roba ne, kuma ramin da ƙusar ta ratsa ya yi mata yawa. In ka ɗaure da ƙarfi ya ƙi motsi, in ka sassauta ya yi lako-lako. Babu tsaka-tsaki.

Daga nan na watsar da ƙafafun. Na zana wa kafintan unguwarmu irin mazaunin da John Dobson, wani mai haɗa teleskof, ya yaɗa a Amurka: akwatin katako da ke juyawa a kan faifai, da kunnuwa biyu masu zagaye da bututun zai kwanta a kansu. Shi Dobson don manyan madubai ya yi nasa, amma ƙaramin nawa ma ya karɓa, sai dai mun ɗaga gefen akwatin don in iya duban can ƙololuwa, kuma ina ɗora shi a kan turmi da na kifa. Inda katako ke gogar katako muka liƙa fomaika a gefe ɗaya, a ɗayan kuma guntayen da na yanka daga farar jarka. Da farko ya yi santsi fiye da kima, sai da muka ƙara matse notin tsakiya. Katako da aiki sun ci dubu 18, kuma wannan kam ban ji zafinsa ba.

Ƙaramin madubin saiti kuma, wanda ke bisa bututun don auna abin da za a kalla, da la'asar na daidaita shi, a kan jinjirin watan da ke saman hasumiyar wani masallaci mai nisa. Don Allah wanda ya samu ɗan baƙin gilashin nan mai rubutun rana, na kallon rana, a cikin kwalinsa ya jefar da shi. Zafi na iya fasa shi alhali idonka na kai.

Jiya an ɗauke wuta, hazo kuma ya yi sauƙi. Na fara da Kaza da 'Ya'yanta don in gwada motsi, sannan na juya. Da idon milimita 20, ninki 35 ke nan, Mushtari ya shigo tsakiya a karon farko. Ga watanninsa, uku a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, waɗannan dai da masanin taurari Galileo ya gani a shekarar 1610. Da na natsu sai ga ɗamara biyu masu duhu-duhu sun ratsa jikinsa. Na sa yatsa ɗaya na tura, ya bi ni a hankali, na ɗauke yatsan ya tsaya inda na bar shi. Na sauka na taso ƙanwata daga barci, ta leƙa ta ce, "Yaya, wallahi kamar an jera su da hannu."

Abin da ya rage yanzu shi ne idon milimita 10 mai kyau, don ninki 70 nake so in zauna a kai. Na milimita 4 ɗin da ya zo a kwali ramin leƙensa kamar na allura ne. Wanda ya san inda zan samu na hannu a Kano ya faɗa mini, amma ya fara dubawa ko faɗin gindinsa inci 1.25 ne, don nawa shi yake ɗauka.