Abin da dattijon ya rubuta

Yau a filin hokin ƙanƙara na Oshawa, nan Kanada, na zauna kusa da wani dattijo mai nemo wa wata ƙungiya ta NHL (babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada) 'yan wasa. Yaro ɗaya ya zo gani, ɗan shekara 17, kafin zaɓen watan Yuni, lokacin da ƙungiyoyin NHL ke zaɓar sababbin 'yan wasa. Da yaron ya ci, fili ya kaure da ihu, dattijon ko motsi bai yi ba. Sai da aka ƙwace faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo, yaron ya juyo a guje ya tare gida, sannan dattijon ya ɗauki biro.

Wallahi abin ya taɓa ni. Ƙungiyoyi 32, zagayen zaɓe 7 kacal, yara kuwa ba iyaka. Ina ta tunanin ko yaron ya san komawar nan tasa aka rubuta. Allah ya sa a kira sunansa.