PEEK da Baƙon Hannu a Ɗakin Ƙera Haƙori na Jamus

Mai ƙera haƙoran roba da ya sauka Jamus yakan ɗauka sanyi da harshe ne za su fi gasa masa aya a hannu. Suna gasawa kam. Takardunsa ma sai Handwerkskammer, hukumar masu sana'ar hannu ta yankin, ta auna su da horon shekara uku da rabi da 'yan ƙasa ke yi. Amma a kan tebur ake gane baƙo, ranar da oga ya miƙo masa PEEK, wata roba mai ƙarfi da ake yin hular haƙori da ita, ya ce a shirya ta don siminti ya kama.

A gida hannu ya saba da akirilik: ka kankare, ka shafa monoma, ruwan da ake haɗa shi da shi, fatar ta yi laushi, ta kama. PEEK ba ta jin wannan kira. Siminti kan zauna a bayanta kamar ruwa a ganyen gwaza. Asid ɗin haidirofulorik da sinadarin silan da ake shafa wa haƙorin tangaran ɓata kaya ne a nan, don babu gilashi a jikinta da za su ci.

Abin da take ji shi ne feshin garin alumina mai girman ƙwaya maikiron 110, da matsin iska bar 2 zuwa 3, har sheƙi ya ɗauke ko'ina. Ka ƙara matsi, siririn bakin hular ya cinye. Bayan feshi kada ka kai ta injin tururi, kada yatsa ya taɓa wurin. Laima da maiƙo ne ke kashe aikin, har da na kwamfiresa mara matata. Buroshi mai tsabta ya isa.

Sai visio.link, ruwan shafawa da ke sa siminti ya kama PEEK: shafa ɗaya siririya, daƙiƙa 90 a fitila mai hasken nanomita 370 zuwa 400. Nan sabbin zuwa ke tuntuɓe. Fitilar da haskenta bai faɗa wannan zango ba takan bar shi ɗanye, wanda kuma ya lafta da kauri, wai don ya fi kamawa, ɓawo ya yi, zai ɓare tare da simintin. Asid ɗin salfa na kashi 98 shi ma yana cin fatar PEEK har siminti ya kama, amma haɗarinsa ya sa ba a kusantar bakin mutum da shi.

Idan likita ya riga ya sa simintin wucin gadi mai man kanumfari, sai an wanke haƙorin tas, don ragowarsa na hana simintin resin daskarewa.

Sannan rubutu. Lambar kowace kwalba tana shiga takardar aikin, kuma in hula ta fita daga bakin mai ita, takardar ce oga zai fara jawowa.